Tagar Maɗiga

Ƙiftawar ido ce, wallahi, ba ta fi haka ba.
Na juya in sauke tukunya daga risho,
sai na ji tim.
Ba ƙarar ce ta sage mini gwiwa ba,
shirun da ya biyo bayanta ne.

Watansa bakwai. Gadon bai kai ƙuguna ba.
Amma simintin Agege bai san jariri ba.

Iya Risi ta ɗakin da ke kallon namu
ta shigo da kumfar wanki har gwiwar hannu,
ta dubi ƙulun da ya taso saman kunnensa
kamar ƙwan zabo,
ta ce da Hausarta ta kasuwa:
"Ba man zafi, ba dannawa. Tashi."

Danfo, ruwan sama, gosulo tun daga Fen Sinima.
Kwandasta na ihun Ikeja, Ikeja,
ni ina ƙirga numfashi a ƙarƙashin hijabi.
Sau shida na kira Tanimu.
Yana Mil Tuwel suna sauke albasa,
wayar na can aljihun rigar da ya rataye.

Likitar yarinya ce, Abimbola,
ta ce a Gusau ta yi bautar ƙasa.
"Ya yi amai? Ya suma? Ya sha nono?"
Ta janyo wata na'ura a kan taya,
ta matsa masa wani mai a gashi,
mai sanyi, mai yauƙi kamar kuɓewa.

Na riƙe hannunta.
Kakata ta hana mu taɓa maɗiga,
ta ce nan ne Allah bai gama rufewa ba.
Likita ta ce, "E, shi ya sa.
Da ya rufe, ta ina zan leƙa?"

Ta ce ba wuta ba ce, ba allura ba,
sauti ne siriri da kunne ba ya kamawa,
a aike shi, ya je, ya dawo da labari.
Sai na tuna Inna a kasuwar Malumfashi
tana ƙwanƙwasa ƙwarya da ɗan yatsa
kafin ta kwance bakin zane.

Allon ya kawo toka-toka,
kamar talabijin idan hadari ya ɗauke tasha.
Ashe na san wannan hazon.
A cikinsa na fara ganin Mudassir,
ina kwance, ciki wata biyar,
ana nuna mini kai, ana nuna mini ƙafa,
ina cewa na gani, alhali ban gane komai ba.

Yau ma ban gane ba.
Fuskarta na karanta.

Ta bi ƙashin a hankali, farin layi miƙaƙƙe,
har inda ya ɗan rabu.
"Tsaga ce, kamar silin gashi.
Ban ga jini ya taru ba.
Amma na'urar nan ba ta ganin kowane lungu,
za ku kwana.
In ya yi amai, ko ya ƙi farkawa,
sai mu shiga babban hoto."

Muka kwana, in wannan kwana ne.
Janareto, sauro, kukan ɗan wata a gadon kusa.
Nas na zuwa da tocila tana buɗa idonsa.
Tanimu ya iso ƙarfe ɗaya, jiƙe sharkaf,
yana warin albasa,
bai tambaye ni ina nake lokacin ba.
Gara ma da ya tambaya.

Da asuba yaron ya tsala ihu,
irin wanda ke sa in ce, kai, ka bar ni in huta.
Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba.
Ya kama nono da fushi.
Na kai yatsa inda aka hana ni,
gashin ya ƙandare da man jiya,
ƙarƙashinsa abin nan na bugawa,
ɗif, ɗif,
na bar yatsan a wurin.